Marigayin da Ya Ce Amin

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka dawo da bikin littattafai na garinmu ba. Na gwada mantawa, mutanen Keffi ne ba su bari ba.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a nan cikin gari, gidanmu yana Angwan Iya. Amma ba da koyarwa aka fi sanina ba, da baki aka san ni. Walimar aure, yaye ɗalibai, taron iyaye da malamai, duk inda aka kafa lasifika sai an neme ni in gabatar. Na kuma taɓa buga wani ɗan littafi na gajerun labarai (mafi yawan kwafinsa suna ƙarƙashin gadona har yau, cikin ƙoshin lafiya), saboda haka nake ƙirga kaina cikin marubuta, ko da sauran marubutan ba su ƙirga da ni ba.

Hajiya Rabi ce ta assasa bikin. Tana da shagon littattafai a cikin gari, mace ce mai tsare gida, wadda ba ta son a yi abu rabi da rabi. An yi bikin na wasu shekaru, sai annobar nan ta zo aka kulle kowa a gida, daga nan ya kwanta. Da ta tashi farfaɗo da shi, sai ta bi tsofaffin baƙinta ɗaya bayan ɗaya: marubutan Lafiya da na Jos da na Kaduna, da 'yan asalin Keffi da aiki ya kai Abuja suka daina waiwayen gida. Kowa ya ce zai dawo. Ni kuma aka ce in riƙe makirufo.

Akwai mutum ɗaya da na tabbata ba zai dawo ba, wato Malam Ɗanjuma na Garaku. Tsohon marubuci ne, mu ma littattafansa muka karanta muna yara. Akwai wani nasa a kan wani direban tifa da ke jigilar yashi, wanda har yau nake karantar da shi a aji kowace shekara. Sau ɗaya na taɓa ganinsa ido da ido, a bikin farko, daga nesa: ƙaton mutum mai cika kujera, ga baƙin gemu, ga murya. Daga nan aka daina jin ɗuriyarsa. Wata rana, watanni kafin wannan bikin, ina cin abincin rana sai saƙo ya shigo guruf ɗinmu na malamai a waya, cewa Allah ya yi wa Malam Ɗanjuma na Garaku rasuwa. Babu hoto, babu ƙarin bayani. Na rubuta Allah ya jiƙansa, na ci gaba da cin shinkafata. Ban kira kowa ba, ban tambayi kowa ba. Garaku kuwa ga ta nan kusa da mu, mutum zai je ya dawo bai gaji ba.

Kwamitin shirya biki ya yi ta zama, ban halarci ko ɗaya ba. A ganina zaman kwamiti na masu neman abin faɗa ne, ni kuwa nawa a baki yake. Ranar Juma'a Hajiya Rabi ta kira ni ina wajen tela.

"Malam, akwai abin da nake so ka sani game da manyan baƙinmu na gobe."

"Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ni da makirufo ba yau muka haɗu ba."

"Na sani, amma ka tsaya ka ji..."

"Ki bar mini komai," na ce, na kashe waya, don tela yana auna mini wuyan riga.

Ranar Asabar na makara. Babu wuta, mai guga sai da ya hura gawayi kafin ya goge mini babbar riga. Ko da na isa, ɗakin taron ya cika, har an kafa rumfa a waje don waɗanda ba su sami wuri ba. Hajiya Rabi tana bakin ƙofa tana jiran wakilin wani babban jami'i daga Lafiya. Na ɗaga mata hannu daga nesa na wuce ciki, ina taku irin na wanda taro ke jira.

A sahun gaba, a tsakiyar manyan marubuta, sai na ga wani tsoho siriri, sanye da koɗaɗɗen kaftani, da tabarau mai kauri, ya jingina sandarsa a gwiwa. Gemunsa fari fat. Wata mata mai matsakaicin shekaru tana zaune kusa da shi. Na ɗauka irin tsofaffin nan ne da ke shigowa kowane taro don su huta a inuwa. Na sunkuya cikin ladabi (ladabin ma ya fi ƙona mini rai idan na tuna).

"Baba, sannu da hutawa. Nan wurin manyan baƙi ne, ko za a ɗan matsa baya?"

Matar ta buɗe baki za ta yi magana, tsohon ya dafa hannunta.

"Bar shi, Safiya. Daga baya ma ana ji."

Suka tashi, ta riƙe masa gwiwar hannu, suka koma sahu na uku. Na karkaɗe kujerar da hannun rigata, na tanade ta don wakilin babban jami'i. Da ya iso kuma sai aka kai shi kan babban teburi, kujerar ta zauna babu kowa.

Aka buɗe taro da addu'a, na karɓi makirufo. Gaskiya na fara da kyau. Na yi wa baƙi maraba da dawowa, na tsokani 'yan Abuja da cewa sun manta hanyar gida sai da aka tura musu taswira a waya, na tsokani wata marubuciya daga Jos da ta taho da rigar sanyi Keffi. Aka yi dariya, aka tafa. Matsalata ke nan tun ina yaro: idan aka tafa mini, sai in ji kamar an zuba mini fetur.

Idona ya faɗa kan kujerar nan da babu kowa. Nan take wata dabara ta zo mini, na ji ta yi mini daɗi ƙwarai. Na rage murya, na nuna kujerar.

"Jama'a, kowa ya dawo yau. Na Lafiya sun dawo, na Kaduna sun dawo. Amma ku dubi wannan kujera. Akwai wanda ya fi kowa cancantar zama a kanta, ba zai kuwa sake dawowa ba. Ina nufin ubanmu, malaminmu, marigayi Malam Ɗanjuma na Garaku."

Ɗakin ya yi tsit. Na taɓa sa mutane dariya, na taɓa sa su tafi, amma ban taɓa samun shiru irin wannan ba. Na ce a raina, yau na kai inda ake kaiwa.

Na shiga yabo. Na yi bayanin yadda ya ɗauko direbobi da manoma da masu sayar da doya a bakin titi ya saka su cikin littafi, a lokacin da kowa ke ganin sai sarakuna da attajirai ne suka isa a rubuta labarinsu. Na karanto shafin farko na littafin direban tifa da ka, don na haddace shi. Na ce shi ya nuna mana Hausarmu ta nan, wadda ta sha ruwan yarukan Gwandara da Mada da Eggon, ita ma Hausa ce da za a iya rubutawa ba tare da jin kunya ba. Daga baya-baya na fara jin salati. Wata mata ta fashe da kuka. Waɗanda ba su san fuskarsa ba, su ne mafi yawa, sun ɗauka labari ne na kawo musu.

Na hango Hajiya Rabi a bakin ƙofa tana kaɗa hannaye biyu sama. Na ɗauka lokaci take tuna mini. Na ɗaga mata yatsa, alamar saura kaɗan. Wani marubuci daga Lafiya a sahun gaba ya saki baki yana kallona, yana waiwaye, yana sake kallona. Na ce a raina, bawan Allah, bai ji rasuwar ba sai yanzu.

Da a nan na tsaya, da kuskure kawai za a kira abin. Amma fetur bai ƙare ba. Sai na ji bakina yana cewa:

"Ni Allah ya ba ni rabon ganinsa a asibiti gab da rasuwarsa. Ya kama hannuna, ya ce, ɗana, mu mun yi namu, kada ku bari alƙalami ya bushe a ƙasar Keffi."

Ban san daga ina wannan ta fito ba. Ban je asibiti ba, ban ma san ko akwai asibiti a labarin ba. Na dai ji jawabin yana buƙatarta, na saka. Muryata har da rawa. Na rufe da cewa a ɗaga hannu a yi masa Fatiha, 'yan'uwanmu Kirista kuma su yi masa addu'a a zuci.

Hannaye suka tashi. Aka karanta, aka shafa. Cikin amin ɗin jama'a akwai wata da ta fi kowacce ƙarfi da tsawo, daga sahu na uku ta fito.

Sai na ji ƙarar sanda a kan siminti. Tsohon nan da na tasa ne ya miƙe, matar tana riƙe da shi, yana tahowa a hankali. Ya iso gabana ya miƙo hannu yana neman makirufo. Ko a lokacin kaina bai kawo wuta ba. Na ma ƙara da sanarwa:

"Ga wani dattijo yana so ya ce wani abu. Da alama abokin marigayi ne."

Ya karɓa, ya gyara tabarau.

"Aboki kam," ya ce. "Tun ranar da aka haife shi muke tare, ba mu taɓa rabuwa ba. Jama'a, salamu alaikum. Sunana Ɗanjuma, daga Garaku."

Jiki ya tafi, gemu ya yi fari, amma muryar tana nan yadda na san ta. Ita na fara ganewa.

Sai wani daga cikin rumfar waje ya ƙyalƙyale, daga nan ɗakin ya ɓarke. Matar da ke kuka ta koma dariya da hawayenta a fuska. Ni kuwa ina tsaye a cikin gogaggiyar babbar riga, hannuna babu komai, na rasa inda zan ajiye shi. Na roƙi Allah janareta ya mutu. A duk tarukan da na gabatar a garin nan babu wanda janareta bai mutu ba, ranar nan kuwa ya yi ta aiki kamar sabo.

Malam Ɗanjuma ya jira aka lafa, bai yi ko murmushi ba.

"Na gode da Fatiha, ta shiga, na kuma ajiye ta sai ranar da ake buƙata. Ƙorafina ɗaya ne, an yi jana'izar ba a gaya mini ba. Maganar asibiti kuma," ya juyo ya dube ni, "ɗana, ban tuna na faɗe ta ba. Amma ta yi kyau. In ka yarda zan ara."

Ya miƙo mini makirufo, ya taka ya zauna a kan kujerar da na nuna.

Na ce wani abu, ban san ko mene ne ba. An ce mini daga baya wai na ce, "Alhamdu lillahi, marigayi yana tare da mu." Hajiya Rabi ta zo ta zare makirufon daga hannuna ba tare da ta dube ni ba, ta ci gaba da gabatarwa da kanta. Ashe abin da ta so gaya mini ke nan a waya: ta je Garaku takanas ta lallashe shi ya zo, shi ne babban baƙon bikin, an shirya karrama shi bayan azahar.

Na zame ta ƙofar gefe, niyyata in hau babur ɗina in ɓace. A nan matar nan, Safiya, ta tare ni. 'Yarsa ce, ma'aikaciyar jinya. Waya tana hannunta tana ta ƙara, ita kuwa ba dariya a fuskarta.

"Malam, ka san ana haska taron nan kai tsaye a intanet?"

Ban sani ba. (An faɗa a zaman kwamiti.)

"Goggona da ke Panda, yayar Baba, maƙwabta sun nuna mata farkon jawabinka. Ba ta tsaya ganin ƙarshe ba, tana kan hanyar Garaku yanzu tana kuka. A gida kuma mutane sun fara shigowa yi wa mahaifiyata gaisuwa. Tana da hawan jini, Malam. Da safen nan ta raka shi ƙofa da ƙafarsa."

A nan abin ya daina zama abin dariya, ko a wurina. Ta koma ciki ta fito da mahaifinta, ta kira gida, ta kara masa wayar a kunne. Ina tsaye a gefe ina ji.

"Ni ne. E, ni ne mana. A'a, ban mutu ba. To wa kike ji yana magana? Ki sha maganinki ki kwanta. A ce wa mutane su koma gida, an ɗaga."

Ya daɗe yana lallashinta, a hankali, da wata murya daban da wadda ya yi mana magana da ita a ciki. Da ya gama ya koma taronsa. Ni na tafi gida. Matata ta riga ta gani a waya. Ta ajiye mini abinci, ta ce, "Sannu da dawowa daga maƙabarta," ta shige ɗaki.

Washegari na ɗauki yayana, wanda ya fi ni nutsuwa da furfura, muka tafi Garaku ban haƙuri. Mun tarar da Malam Ɗanjuma a zaure a kan tabarma. Uwargidansa ta sami sauƙi, ta amsa gaisuwarmu daga bayan labule, a taƙaice. Goggon Panda kuwa fitowa ta yi, 'yar tsohuwa ƙarama, idanunta a kumbure. Ta dube ni daga hula har takalmi.

"Kai ne ka kashe mini ƙane?"

"Goggo, kuskure ne, a yi haƙuri."

"Da girmanka? Da gemunka? An ce ma malamin makaranta ne kai. Allah ya kyauta wa yaran."

Ta juya ta koma ciki. Yayana ya yi ta ba da haƙuri a madadina, ni ina kallon saƙar tabarma. A nan muka ji asalin labarin. Wanda ya rasu wani Malam Ɗanjuma ne daban, tsohon hedimasta a nan Garaku, shi ya sa saƙon ya zagaya tsakanin malamai. Shi kuwa namu ciwon suga ne ya kwantar da shi shekaru, ya zabge shi, ya taɓa masa ido.

"Amma ba ciwon ne ya hana ni fita ba," ya ce. "Na ɗauka an wuce wurina. Ba mai zuwa, ba mai kira. Da Hajiya ta zo ma sai da na ce mata wa zai gane ni? Ka ga kuwa ban yi ƙarya ba."

Na ƙara sunkuyar da kai.

"Jiya littattafaina da suka daɗe a jibge a shagonta, ko ɗaya bai rage ba. Har hannuna ya gaji da sa hannu. Ashe abin da ake jira ke nan, in mutu."

Yayana ya yi dariya, ni ma na ɗan taya shi, na ji kamar an fara sassauta mini. Sai tsohon ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya ce:

"Tambaya ɗaya zan yi maka, ka gaya mini gaskiya. Abin da ka faɗa a kan littafin direban nan, da maganar Hausarmu, har zuciyarka ne? Ko shi ma irin na asibitin ne?"

"Wallahi Baba har zuciyata ne. Kowace shekara sai na karantar da shi. Yara suna son sa, har rigima suke yi a kan wanda zai karanta wurin da tifar ta kafe a rafi."

Ya mayar da tabarau.

"Kowace shekara," ya maimaita. "Daga Keffi zuwa nan. To me ya hana ka zuwa ka gaya mini tun ina da rai?"

Na koma kallon saƙar tabarma. Shi ma bai jira amsa ba. Ya ƙwala kira a kawo mana ruwa, ya shiga tambayar yayana labarin damina.

Ranar Litinin na shiga aji na tarar labari ya riga ni. Tun daga wannan rana, sunana a makaranta ya koma Malam Marigayi, har shugaban makaranta yakan kusa kira na da shi ya kama bakinsa. Gayyatar walima ta ja baya na wani lokaci, don babu angon da ke son a yi masa Fatiha a gaban amarya. Hajiya Rabi ta ɗauki watanni tana amsa gaisuwata da ka kawai. Da bikin ya sake zagayowa ta saka ni a kwamitin abinci, na kuwa halarci kowane zama.

Yanzu nakan je Garaku lokaci zuwa lokaci, wani zubin da ɗalibai, su karanta masa tunda idon ya ƙi. Yana jin daɗin zuwan. Sai dai duk baƙon da ya tarar da ni a zauren, da haka yake gabatar da ni: "Wannan ɗana ne daga Keffi, shi ya yi mini jana'iza."

Abin da na koya bai da yawa. In kana da yabon da za ka yi wa mutum, ka hau mota ka kai masa gida, ya fi arha, ya kuma fi aminci. In kuwa dole sai ka kira wani marigayi a gaban jama'a, to ka fara neman wanda ya je maƙabarta da ƙafarsa. Ni yanzu ko shi ɗin sai na tambaye shi ko ya leƙa fuskar.